Zaren da Rumyana Ta Ƙi Kwancewa

Rumyana na murza ƙullin banitsa, burodin cuku na ƙasarsu, hawaye na ɗiga a kan zaren ja da fari da ke wuyan hannunta. Mijinta Zdravko ne ya ɗaura mata ranar ɗaya ga Maris, kafin ya ja tirelarsa zuwa Jamus. Al'adarsu ce a bar zaren a hannu sai an ga shamuwa. Tun da shamuwa ta dawo kowa ya kwance nasa ya rataya a reshe, ita kuwa ta ƙi.

Ciki gare ta wata biyu, tsoro ya hana ta sakat. Bayan haihuwarta ta fari wani duhu ya rufe mata zuciya har shekara guda, ba ci ba barci, jaririn ma tsoron ɗaukarsa take yi. Surukarta Nedyalka ta ce lalaci ne. Yanzu kuma maganar zubar da cikin ta kai kunnenta.

"Zubarwa? A gidan nan?" Nedyalka ta daki tebur. "Biyar na haifa, 'yar nan, washegari ina gonar taba!"

Mahaifiyar Rumyana kuma ta kira a waya: "Laraba ki je asibiti a cire. Ba zan sake kallonki kina lalacewa a tsaye ba!"

Tsofaffin nan ba sa ga maciji da juna, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a gaya wa Zdravko, yana tuƙi. Mai cikin kuwa babu wanda ya tambaye ta.

Ranar Lahadi ya kira ta a bidiyo. Kewarsa ta taso mata.

"Rumi, ɗaga hannunki in gani. Shamuwa ta yi mana yaji ne bana?"

"Ta zo tuni."

"Zaren fa?"

"Kai nake... sabis ne ba kyau," ta kashe wayar.

Laraba da safe tana jiran bas ɗin asibiti, sai ga Zdravko ya sauko daga wata, ido jajur, gemu buzu-buzu. Tun wayar nan ta Lahadi hankalinsa bai kwanta ba, ya kamo hanyar gida. Nan ta faɗa masa komai.

"Wancan karon aka ce mini gajiya ce, na yarda don ya fi mini sauƙi," in ji shi. "Ki yafe mini. Ke me kike so?"

Ta fashe da kuka. "Ina son ɗan nan, Zdravko, kaina nake tsoro!"

"To mu fara da likitan ƙwaƙwalwa. Duk abin da kika zaɓa bayan nan, muna tare."

Sau uku suka je kafin ta yanke shawara da kanta. Ta haifi mace a watan sanyi. Duhun ya sake leƙowa, ban ɓoye muku ba, amma ya tarar da magani, ya tarar da Zdravko ya bar tuƙin nesa, yana rabon burodi a cikin gari. Nedyalka na jijjiga jika tana gunaguni, amma ba ta ƙara cewa lalaci ba.

Ciwon zuciya ciwo ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tambaye shi kafin a yanke masa hukunci.

Da shamuwa ta sake dawowa, Rumyana ta miƙa wa mijinta hannu, ya kwance zaren da ya riga ya koɗe.