Gyambon Da Kotu Ta Biya

Duk wanda ya san Guguwa a tashar masu babur ɗin haya zai shaida maka ba mugun mutum ba ne. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan saboda yadda yake ratsa cunkoso, amma in ya ɗauki tsohuwa ko mai ciki, sai ka rantse jaki yake kora. Ɗaki biyu yake haya, ɗaya nasa da matarsa, ɗaya na mahaifiyarsa. Allah bai ba su haihuwa ba tukuna.

Ranar da motar wani kamfanin siminti ta bar hannunta ta haɗa shi da kwalbati, ba shi da laifi ko na anini. Babur ya tashi daga aiki. Ƙafarsa ta dama ta karye, ƙarfe ya yage naman ƙwauri har ana hango ƙashi. Direban ko leƙowa asibiti bai yi ba. Matar Guguwa ta sayar da keken ɗinkinta aka yi masa aiki, wani lauya kuma ya yarda ya shigar da ƙarar neman diyya, a kan za a ba shi kasonsa in an ci.

Daga nan aka shiga jeka-ka-dawo. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan kamfani ba shi da lafiya. Guguwa ya hau matakalar kotu da sanduna biyu, a shanya shi a kan benci tun safe, a kira shari'arsa a ɗage ta kafin ma ya gama miƙewa. Baƙin ciki ya yi masa katutu a zuciya, kuma ba a ga laifinsa ba.

Ita kuwa ƙafa ba ta jiran alƙali. Ƙashi ya haɗe, ciwo ya fara ɓawo. Sai kamfani ya aiko da tayin sulhu: kuɗin magani, sabon babur, da ɗan abin riƙewa.

"Ka karɓa, ɗan nan," in ji mahaifiyarsa. "Allah ya bar maka ƙafarka, me kuma kake nema?"

Lauya dai da ya ga ciwon sai ya yamutsa fuska kamar wanda aka ba kuɗin jabu. "Kash, ka cika saurin warkewa. Likitan kotu zai duba ka. In ya ce ka warke, iyakar rabonka ke nan. Da nakasa ce ta dindindin, da gida za su gina maka, su riƙa biyanka duk wata." Ya yi dariya, don shi wasa yake yi. Guguwa bai yi dariya ba.

Wani ɗan kamasho da ke shawagi a harabar kotu ne ya yi masa kwatancen wani boka. Bayan filin da ake jibge motocin da suka yi hatsari yake. Da rana tsaka Guguwa ya ratsa tsakanin murɗaɗɗun ƙarafa da fasassun gilasai, har ya kai wani ɗakin langa-langa marar taga. A waje rana tana ƙona ƙeya, a ciki sanyi kamar na rijiya. An rataye tsummoki daga rufi, masu busasshen jini, wasu har da gashi a manne. Ƙudaje sun yi baƙi a jikin bango, amma ko ɗaya ba ya motsi. A tsakiya wani ƙanƙanen tsoho yana zaune a kan kujerar mota da aka ciro, yana ɗinke wani ƙyalle da zaren da bai ƙulla ba. Yana soka allura, zaren yana zarewa, yana sake sokawa.

"Masu zuwa nan warkewa suke nema," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Kai kuma akasin haka ya kawo ka."

Guguwa ya matso. "Na ɗan lokaci ne, Baba. Har a yanke hukunci."

"Kowa na ɗan lokaci yake cewa. Kwance."

Ya kwance bandejin. Boka ya sa farce ya ɓamɓare ɓawon ciwon gaba ɗaya, Guguwa ya ciji leɓe har ya ji gishiri. Tsohon ya dangwale jinin da bandejin, ya cusa shi a wata baƙar tukunya 'yar ƙarama, ya bi shi da allurar da zarenta, ya zuba wani ruwa mai ƙarni. Ya kafa baki a tukunyar yana raɗa. Sai ƙudajen bango suka tashi lokaci guda, suka kewaya ɗakin, suka koma suka lafe.

"Nawa zan biya?"

"Ba na karɓar kuɗi. Amma ka ji da kunnenka. Ni ban iya ɗaure ƙafa ɗaya ba, jini nake ɗaurewa. Muddin tukunyar nan tana gidanka, kai da duk wanda kuka haɗa jini, ciwonku ba zai rufe ba. Ko ƙaya ce ta soke shi."

"To in na gama fa?"

"Ka dawo da ita in fasa. Ba wuya."

Guguwa ya yi lissafi a ransa. Matarsa ba jininsa ba ce. Ɗa babu. Saura Inna, ita kuwa daga tabarma sai tabarma, me zai yanke ta? Ya ce ya yarda. Boka ya miƙa masa tukunyar yana murmushi, irin na wanda ya riga ya san ƙarshen zance.

Kafin ranar likita ciwo ya buɗe, ya zama gyambo mai ruwa da wari. Likitan kotu ya toshe hanci ya rubuta cewa ƙafar nan ba za ta ƙara moruwa ba. Alƙali ya yanke wa kamfani diyya mai tsoka, da albashin nakasa duk wata, bisa sharaɗin likita zai riƙa sake duba shi lokaci-lokaci. Wannan sharaɗin shi ya kashe gidan Guguwa.

Kuɗi suka shigo. Ya sayi gida mai bene, ya buɗe shagon kayan gyara, ya zuba babura yara suna yi masa haya. Waɗanda suka daina gaishe shi a benci suka koma ce masa ranka ya daɗe. Matarsa tana wanke gyambon safe da yamma, tana kuka tana yi masa addu'ar samun sauƙi, shi kuwa yana amsawa da amin. Tukunya tana can ƙarƙashin gado cikin akwatin ƙarfe. Kullum ya ce zai mayar, sai ya tuna likita na tafe.

Wata safiya Inna tana yanke farce da reza, ta ɗan taɓa naman yatsa. Abin da yaro ma ba zai yi wa kuka ba. Aka ɗaure, ya jiƙe. Aka ɗinke a asibiti, ɗinkin ya zare. Yatsa ya kumbura, hannu ya bi, likitoci suka gwada wannan suka gwada wancan suka rasa gane kansa. Guguwa ya san kansa sarai. Ya ciro akwatin har ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Dubawar likita ta kusa. Ya ce a ransa tsohuwa tana da ƙarfin hali, za ta kai. Ya mayar da akwatin.

Ba ta kai ba. Maganarta ta ƙarshe, da ta kamo hannunsa da hannunta mai lafiya, ita ce: "Ka nemi maganin ƙafar nan, ɗan nan. Ita ce damuwata."

Ya yi kuka na gaskiya, wannan ba a hana shi. Amma bayan an share makoki wani tunani ya zo masa, wanda ko shaiɗan zai ji kunyarsa: yanzu ai babu sauran wanda suka haɗa jini. Ya saki jiki.

Sai ga matarsa da ciki, bayan shekarun da suka yi suna nema. Ta faɗa masa cike da murna, shi kuwa tukunya ya tuna. A satin nan ya yi niyyar mayar da tukunya. A satin nan kuma lauya ya kira shi.

"Albishirinka. Kamfani ya gaji da biyan wata-wata. In likita ya tabbatar sau ɗaya tak, za su dunƙule na sauran rayuwarka su ba ka a rufe magana."

Guguwa ya auna. Dubawar za ta riga haihuwa da kusan wata guda. Akwai lokaci.

Naƙuda ba ta san da wannan lissafi ba. Ta zo da wuri, da hantsi, aka kwashi matar zuwa asibiti. Yana tsaye a baranda kan sandunansa ya ji kukan jariri, aka leƙo aka ce namiji ne. Can sai ungozoma ta fito da sauri, safar hannunta jajur.

"Kai ne uban? Mun yanke cibiya, mun ɗaure, mun matse, jini ya ƙi tsayawa. A danginku akwai mai irin wannan?"

Ya faɗa mota ya je gida ya fizgo akwatin, cunkoso ya tare shi, ya bar motar a tsakiyar titi ya haye bayan wani mai babur yana ihu a yi sauri. A filin motocin ya yar da sanduna, ya ƙarasa da rarrafe.

"Baba, ka fasa! Don girman Allah ka fasa, ɗana ne!"

Boka bai ja zance ba. Ya karɓa ya buga da ƙasa, ta tarwatse. "Shi ke nan," ya ce, ya koma ga ɗinkinsa. "Da jiya ka zo ma, haka zan yi maka."

Da ya koma asibiti an riga an lulluɓe yaron. Jinin jariri nawa ne?

Matar ba ta yi kuka ba, kuma tun daga ranar ba ta dawo daidai ba. Ta yayyaga zannuwanta tana ɗaure duk abin da ta ga yana ɗiga, famfo, bakin buta, har lemar maƙwabta in an yi ruwa, tana cewa a taimaka mata a danne, yanzu zai tsaya.

Ƙafa kuwa ta warke. Cikin 'yan kwanaki gyambon da ya shekara da shekaru ya rufe ruf, fata ta yi sumul. Likitan kotu ya duba, ya sake dubawa, ya kira lauyoyin kamfani. Suka maka Guguwa a kotu kan damfara, kuma wannan karon ba a ɗage ko sau ɗaya ba. Gida ya tafi, shago ya tafi, babura suka tafi. Lauyansa ya ce shi ma yaudararsa aka yi.

Har yau kana iya ganinsa a bakin titi, ƙato lafiyayye da ƙafafu biyu, yana bin wata mata mai tsummoki a hannu yana kwance abin da ta ɗaure, yana ba masu famfo haƙuri.

Saboda haka, kai da aka zalunta, nemi haƙƙinka har inda ƙarfinka ya ƙare, babu mai ce maka don me. Amma in haƙƙin ya zo, ka karɓa ka tashi. Kada kwaɗayi ya kai ka ɗakin boka, don shi ba ya ƙaryar farashi, kai ne za ka yi wa kanka ƙaryar cewa akwai sauran lokaci. An zalunci Guguwa a ƙafa ɗaya. Uwarsa da ɗansa da hankalin matarsa kuwa, babu kamfanin da ya taɓa su.