Dalma Huɗu da Ƙwayar Sukari

Da ƙarfe takwas na safiyar Laraba Hajiya ta buɗe ɗakin aikin marigayi mijinta za ta share, ta tarar kantar wayam. Jirgin ya ɓace.

Ba jirgin gaske ba ne. Ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa ne, tsawon hannun mutum, irin wanda ake sayowa gunduwa-gunduwa a kwali a haɗa. Mijin nata, Injiniya, ya shekara shida yana haɗa shi, ya rasu wata biyar da suka wuce. Ranar Asabar babban ɗansu zai sauka daga ƙasar waje, kuma cikin kayan ubansa jirgin kaɗai ya roƙa. Har akwatin gilashi ya sa an ƙera masa.

Sufeton 'yan sanda ya iso kafin tara. Ba a fasa kwaɗo ba, taga a kulle. Rimot ɗin jirgin yana kan tebur. A gefensa akwai faifan katako mai ramuka, kowane rami da gutsuren dalma mai giram hamsin. Ramuka huɗu babu komai, kuma ƙura ba ta shige su ba tukuna. Akwai wani gwangwani da tururuwa suka cinye abin cikinsa.

"Shayi yake sha a nan?" in ji Sufeto.

"Sukarin jirgi ne," in ji Hajiya. "Akwai sirinji a cikinsa. In ya zuƙi ruwa jirgin ya yi nauyi ya nutse, in ya tofar ya taso. To, in sirinjin ya ƙi fa? Shi ne yake maƙala noti a ƙasan jirgin, ya tokare shi da ƙwayar sukari. Minti goma sha biyu sukarin ya narke, notin ya faɗi, jirgi ya taso da kansa."

"Kin san aikin, Hajiya."

"Shekara shida ina jin labarin a kan abinci, ɗana."

Makullin uku ne: nata, na ƙanin mijinta, da na abokin marigayin, wani tsohon mai gyaran agogo da unguwa ke kira Kyaftin, ko da yake bai taɓa shiga kwale-kwale ba.

Ƙanin mijin ya riga ya yanke hukunci. Mai gadi ne, in ji shi, kuma yau zai sallame shi.

"Ina aka zuba wa jirgin mai?" Sufeto ya tambaye shi.

"A baya mana, yallaɓai, wajen farfela."

Da batir jirgin ke aiki, ba mai ba. Sufeto bai gyara masa ba.

Mai gadi yana tsaye a bakin ƙofa, ya cire hula yana murzawa. Shekararsa tara a gidan. Ya rantse bai taɓa riƙe makullin ba.

"Jiya da rana wa ya shigo?"

"Na je asibiti da iyalina, ranka ya daɗe. Ga katin."

Akwai kuma wani dillalin kayan ado da ya taɓa taya jirgin. A waya ya yi dariya. "Ba rimot? Wa zai saya? Rimot ɗin ma ya fi jirgin kuɗi."

Sufeto ya sami Kyaftin a shagonsa, tsakanin agoguna da kowanne ke faɗin nasa lokacin. Tsoho ne siriri, da gilashin duba agogo rataye a wuya.

"Baba, makullinka fa?"

"Yana nan. Ban taka ɗakin ba tun da mutumina ya tafi."

"Me ɓarawo zai yi da dalma huɗu?"

"Oho. Ni dai na riƙe masa fitila ne kawai."

"Ina kuke gwada shi?"

"A tankin bayan gida. Ya nutse, ya daki bango, ya juyo, ya sake dakan bango." Tsohon ya dubi titi. "Kullum sai ya ce, bari a gama, mu kai shi teku. Tafiyar awa ɗaya ce fa. Awa ɗaya."

Da ya fito, Sufeto ya tsaya sayen ruwa a kantin da ke makwabtaka. Mai kantin mace ce mai son hira.

"Ku ja wa Kyaftin kunne, yallaɓai. Likita ya hana shi zaƙi shekara goma, jiya sai ga shi wai kwalin sukari mai ƙwaya. Na ce Baba, amarya ka yi ba mu sani ba?"

Sufeto ya waiga. An riga an ja ƙofar shagon agogo.

Ya koma gidan, ya roƙi Hajiya kofi biyu na ruwa, da ƙwai, da gishiri. A kofin farko ƙwan ya sauka ƙasa. A na gishiri ya tsaya a sama yana lilo. Hajiya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauko mayafinta.

Da azahar suka isa bakin teku. A ƙarshen wata doguwar gadar katako, inda masunta ke ɗaure kwale-kwale, Kyaftin yana durƙushe, hannun rigarsa a jiƙe, buhu a gefensa babu komai ciki. A tafinsa akwai agogon aljihu.

"Minti nawa?" in ji Sufeto.

"Uku." Bai ɗago ba. "Ya aka yi ka sani?"

"Wanda zai sayar ba ya barin rimot. Wanda bai san jirgin ba, ba ya waiwayar dalma. Ruwan gishiri ya fi na famfo ɗaukar kaya, jirgin da aka daidaita a tanki ba zai nutse a nan ba sai an ƙara masa nauyi. Nauyinsa kilo takwas ne, Hajiya ta ce."

"Giram ɗari biyu. Marigayin ne ya lissafa, a gadon asibiti."

"Rimot ɗin ne ban gama ganewa ba."

"Saƙonsa ba ya ratsa ruwan gishiri. Da hannu na ja sirinjin, na kunna farfela, na sake shi."

"Sai sukari, Baba. Wanda ke nufin jirgin ya tafi ba dawowa ba zai sayi sukari ba."

Sai a lokacin Kyaftin ya lura da Hajiya. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, gwiwa ta ƙi.

"Hajiya, ki yafe ni. Cikin gilashi za a sa shi. Ko sau ɗaya bai ɗanɗana ruwan da aka yi shi dominsa ba."

"Da ka tambaye ni."

"Da kin ce a jira yaro."

"Da na ce haka." Ta dubi ruwan. "In bai taso ba, me zan gaya masa ranar Asabar? Ga bawan Allah can ana shirin korarsa a kanka."

Sufeto ya buga wa ƙanin mijin waya, ya ce a bar mai gadi a bakin aikinsa.

Suka jira. Ruwan kore ne, ba a ganin ƙasa, kuma yana ja waje. Kyaftin ya ce zurfin bai wuce tsayin mutum uku ba a nan, amma gaba kaɗan akwai rami. Minti goma sha biyu suka cika. Sha uku. Wani masunci ya dakata da ɗinkin taru ya matso.

"Ruwan da sanyi," in ji Kyaftin. "Sukari ba ya saurin narkewa a sanyi." Muryarsa ba ta yarda da shi ba.

A minti na goma sha shida, can gefen wani kwale-kwale, wani baƙin abu ya huda ruwa, hanci a gaba, ya daidaita, ya kwanta yana lilo. Masuncin ya tura kwale-kwalensa ya ɗauko shi, ya miƙo wa Hajiya. Ta rungume shi a jiƙe, da ciyawar teku a farfela.

Sufeto ya buɗe littafinsa. "Hajiya, sata ce. Kina son a shigar da ƙara?"

Ba ta dube shi ba. Ta shafa gefen jirgin, wurin da fentin ya goge saboda bangon tanki.

"Tasowarsa kawai na gani," ta ce. "Ban ga nutsewarsa ba. Kyaftin, akwai sauran sukari?"

Tsohon ya sa hannu a aljihu. Ya fito da kwalin, da noti biyu.