Canjin Hannu

Da la'asar sakaliya na fita daga garejin Ashafa da karyayyen ƙarfe a cikin buhu. Daminar shekarar bikin Festak ce. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, titin Sharada duk caɓi.

Sunana Gali. Sana'ata a lokacin ɗauko ƙiraga da fatu daga ƙauyuka zuwa majemun Bompai da Sharada. Ina da wata tsohuwar jif koriya da na saya a hannun masu haƙar rijiyoyi. Inda manyan motoci ke kafewa suna kuka, nan take fara jin daɗin tafiya. Aibinta ɗaya. An ƙera ta tun kafin canjin hannu, lokacin da ake tuƙi ta hagun titi, sitiyarinta yana dama. Motocin da ake shigowa da su daga baya duk nasu a hagu yake, kayan gyaransu ma haka.

Abin da ya karye wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba. Makanikai hannu suke ce masa. Mu direbobi dama haka muke, mota jikinmu ce. Taya ta fashe, ka ce ƙafata ta tafi. Fitila ta mutu, ka ce yau da ido ɗaya nake yawo. Ba wanda ya taɓa yi mana gyara.

Kamfanin da ke sayar da kayan irin motata yana Bompai. Na yi zarya har maigadinsu ya daina tambayata wurin wa na zo. Akawun kantin amsarsa ɗaya ce: "Yana kan ruwa, Malam Gali." Wata da watanni kaya na kan ruwa, ban sani ba ko jirgin da rarrafe yake tahowa. Ranar da ya iso na kai wa Ashafa har ina tuntuɓe. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Wannan na hagu ne." Na mayar, suka ce in yi haƙuri, za a sake rubutawa. Ashafa ya yi wa tsohon ƙarfen walda, ta ɓalle kafin in kai Na'ibawa.

Ban yi fushi ba. Fushin ya ƙare tuni. In je Bompai, in tsaya, a ce yana kan ruwa, in dawo. Ko tsaki na daina.

Ran nan da hantsi sai ga Baffa, ƙanen mahaifin matata Zuwaira, laka har gwiwarsa. Zuwaira ta tafi gida goyon ciki, ƙauyensu can bayan Ringim, a tsallaken fadama. Cikin fari ne.

"Gali, yarinyar nan ba lafiya," in ji shi. "Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura. Jiya ta fara jijjiga. Ungozoma ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai asibiti."

"Ba ku sami mota ba, Baffa?"

"Wace mota? Fadama ta cika. Amalanke ma ya kafe. Ni da ƙafa na keto har bakin titi. In ba irin taka ba, babu mai shiga."

Na dubi jif. Tana kan duwatsu, ƙafar gaba a karkace. Na je wurin mutum biyu masu irinta. Ta ɗaya tana daji, ta ɗayan kuma tana kan duwatsu kamar tawa, ita ma tana jiran abin da ke kan ruwa.

Ashafa ne ya ja ni gefe. "Akwai wani wuri da nake jin direbobi na faɗa. Bayan majemar ƙarshe, inda kwatar jima ke gangarawa. Wai ana yanka tsofaffin motoci a can. Ni ban taɓa zuwa ba. An ce musaya suke yi, ka kai matacce su ba ka mai rai. Ka dai yi sauri, kada magariba ta same ka a can."

To, shi ne na fita da buhun.

Na wuce masaƙa, injina na ta rugugi a bayan katanga. Mai gurasa tana haɗa kayanta. Leburori a kan kekuna suna ta sauri kafin a busa jiniyar canjin aiki. Daga nan warin majema ya tare ni, ruɓaɓɓiyar fata da gishiri da magani. Wannan warin ni abincina ne, bai dame ni ba. Na bi gefen kwatar, ruwanta baƙi, yana kumfa. Kwaɗi sun cika wurin da kuka.

Katangar ƙarshe ta ƙare. Hanya ta zama turba.

Can sai kwaɗin suka yi shiru, dukansu a tare.

Fili ne babba. Gawarwakin motoci a jere, ciyawa ta fito ta tagoginsu. A tsakiya wata doguwar rumfar kwano. Babu kare, babu hayaƙi, babu warin baƙin mai. Abin da na shaƙa shi ne warin rumfar mahauta bayan an tashi kasuwa.

Na yi sallama. Ba a amsa ba.

Na sake.

"Shigo," aka ce.

Ciki da ɗumi. Kayan mota ne rataye a ƙugiyoyi tun daga ƙofa har inda duhu ya hana ni gani. Ko ɗaya babu tsatsa. Wani mutum yana zaune a bayan teburi, kansa a sunkuye, yana goge wani ƙarfe da tsumma. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, sai da na matso.

"Me ya mutu?"

"Hannuna ne ya karye."

"Wanne?"

"Na dama. Ko'ina na je, na hagu ake ba ni."

"Muna da na dama."

Ya miƙe. Ya ci gaba da miƙewa. Bai taka komai ba, ya sa hannu ya sauko da abin daga ƙugiyar da ke jikin rufi. Na ga hakan da idona, amma ban ji komai a raina ba. Hankalina yana fadama.

Ya ajiye a teburi. Shi ne. Lanƙwasarsa, tsawonsa, ramukan noti, duk daidai. Na shafa shi da hannuna. Da ɗumi, alhali ranar ko leƙowa rana ba ta yi ba.

"Musaya muke yi," ya ce. "Ka sani?"

"Na sani."

"Ka bar mana naka na dama?"

"Na bar muku."

"Da bakinka?"

"Da bakina. Me zan yi da shi?"

Na tura masa buhun. Ko kallonsa bai yi ba. Hannu ya miƙo, irin na an gama ciniki. Na ba shi nawa.

Babu zafi. Wani sanyi ne ya taso daga kafaɗa ya gangara, a hankali, ya bi gwiwar hannu, ya bi tafi, ya fice ta kan yatsu. Na sha tsayawa ina kallon mahauci yana zare fatar akuya gaba ɗaya ba tare da ya tsaga ta ba. Haka aka yi min.

Ya sake ni.

"Idonka na hagu ma ya tsage," ya ce.

Gaskiya ne, fitilar hagu ta jif a tsage take. Amma ban taɓa kawo motar nan wurin ba.

"Muna da ido."

Ya nuna min wani layi. Fitilu ne rataye, manya da ƙanana.

Ɗaya ta ƙifta.

"Ƙafarka ta baya tana cin gefe. Muna da ƙafa."

Bakina ya buɗe zai ce haka ne, don sabo. Na kai hannun dama zan ɗauki ƙarfen. Na ga yatsuna sun riƙe shi. Ban ji shi ba. Ba ɗumin, ba nauyin, ba komai.

Na taɓa da hagu. Ɗumin yana nan. A cikinsa kuma wani abu yana bugawa, daidai-daidai.

Ƙugiyoyin suka fara lilo. Babu iska.

Numfashi nake ji. Ta ko'ina, daga sama.

"Fitilar mota ce," na ce, da ƙyar. "Ba idona ba ne."

"Ɗazu ai hannunka ka ce." Bai ɗaga murya ba. "Mu abin da aka faɗa muke ɗauka."

Ya ɗago kai.

Ba zan faɗi abin da na gani ba.

Jiniyar masaƙa ta tashi daga nesa. A ƙarƙashinta, siriri, kiran sallah. Harshena ya saki.

"A'uzu billahi."

Na fizgi ƙarfen da hagu. Na fita.

Ƙarfe na jan ƙasa a bayana. Kusa. Kusa sosai.

Laka ta riƙe takalmina ɗaya. Na bar mata.

Abin yana bugawa a hannuna kamar tsuntsun da aka damƙe. Raina ya ce in yar. Ban yar ba. Zuwaira na jijjiga a tsallaken fadama.

Kafaɗata ta bugi katangar majema. Kwaɗi suka dawo da kukansu. Ga leburori nan suna fitowa, suna gardamar ƙwallo, wani har ya yi min ba'a da takalmi ɗaya.

Ashafa ya kunna fitilar ƙwai ya shiga ƙarƙashin jif. "Wannan ƙarfen naka daga wuta ka ɗauko shi?" ya tambaya. Ya ɗauki guduma zai buga shi ya zauna, na riƙe masa hannu. Bai ma buƙaci guduma ba, da kansa ya shige mazauninsa.

Da asuba muka kama hanya ni da Baffa. A fadama ruwa ya kai ƙofa, hanya ta ɓace gaba ɗaya. Hannuna na dama yana kan sitiyari, ina ganinsa yana juyawa, ban san ko ni ke tuƙin ba. Ba mu kafe ko sau ɗaya ba. Muka shimfiɗa Zuwaira a baya, kanta a cinyar mahaifiyarta, idonta a juye, muka dawo birni. Aka yi mata aiki. Ta rayu, jaririyar ma ta rayu. Na yi hamdala da bakina, zuciyata kuwa tana nan shiru kamar hannun.

Ranar suna aka sa mata Atika. Da aka miƙo min ita na kai hannun hagu. Baffa ya ce, "Haba Gali, da hagu? Karɓe ta da dama." Na karɓe ta da dama. Na ga zanin, na ga ɗan kanta a tafina. Shi ke nan.

Hannun yana aiki. Yana riƙe cokali, yana musabaha, yana ɗaukar ƙirgi. Ji ne babu. Likita ya soka allura har jini ya fito, ya ce jijiya ce. Na sha rubutu, an yi min tofi. Mun koma wurin da rana tsaka ni da Ashafa. Ciyawa ce kawai da kwata, sai buhuna da karyayyen ƙarfen a ciki, da takalmina a kafe cikin laka.

Bayan an yi girbi, wata rana ina zaune a ƙofar gida, sai na ji hannun. Na zabura da murna. Amma ba tabarmar da na dafa nake ji ba. Sifana nake ji, ana ɗaure noti a gwiwar hannuna, ana ja, ana ƙara ja. Jim kaɗan sai girgiza ta fara, irin ta hanyar burji.

Wani ya je rumfar nan neman na dama, an ba shi nawa.

Tun daga ranar nake jin hanyoyin da ban taɓa bi ba. Rairayi mai zafi, tsakuwa, taɓo. Sau ɗaya makanikinsa ya sa guduma, na kwanta ina juyi, Zuwaira tana tambayata ina ne ke ciwo, na rasa wurin da zan nuna mata.

Shi ya sa ban sayar da jif ba, ko da ta tsufa ta daina tashi. Masu yanka motoci sun yi zarya, na ce ba ta sayarwa ba ce. A inuwa take. Duk Juma'a nakan shiga ƙarƙashinta in shafa wa ƙarfen nan mai, da hagu, a hankali. Ban san na wane ne ba. Da shekara ta zagayo kamfanin Bompai suka aiko cewa kayana ya sauka daga kan ruwa, na dama ne wannan karon. Ban je ba. In na cire wannan, a ina zan jefar da hannun mutum?

Da Atika ta fara tafiya, sai ta riƙa biyo ni ƙofar gida. In na miƙa mata hagu sai ta zagayo, don uwarta ta koya mata ba a kama babba ta hagu. Wata la'asar ta damƙe ɗan yatsana na dama da hannayenta biyu tana ja, tana dariya.

Zuwaira ta leƙo daga soro. "Malam, ka ji yadda 'yarka take riƙe ka? Kamar za a ƙwace mata kai."

"Na ji," na ce.

A lokacin hannun yana cikin wani kogi. Ruwan da sanyi, direban kuma ya ƙi rage gudu.