Taurari Biyar na Inna

Baba yana zaune a kujerarsa ta gefen taga, tabarau ya zamo masa har kan hanci, yana dangwalar waya da yatsa ɗaya kamar mai tsoron kada ta ƙone shi. Kafinta ne, shekara talatin yana sana'ar. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta ajiye masa shayi, ta kai bakin ƙofa, ta kasa fita.

"Auta, me kika ce yaron nan yake yi?"

"Dillancin gidaje, Baba. Haya da sayarwa. Har shafi gare shi a intanet."

"To ga shi na rubuta 'dillalin gidaje' da sunan unguwarsu. Na wuce sahu na ɗaya, na wuce na biyu, ga ni a na huɗu. Na ga mai bulo, na ga mai gyaran famfo. Shi dai shiru."

"Yana na shida, Baba," ta faɗa da 'yar ƙaramar murya.

"Na shida! Wa yake kaiwa na shida in ba uban yarinya ba?"

Umma ta ƙyalƙyale da dariya daga kicin, amma Auta ba ta yi dariya ba. Ta san Baba da dillalai. An taɓa nuna masa shago a hoto, fes da shi, da ya je ya tarar rabin rufin babu. Tun daga ranar ba ya son jin sunansu. Ga shi kuma dillali take so, wani salihin saurayi da kowa ke kira Dogo saboda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Shekara biyu ke nan yana zuwa gaida Baba, shi kuwa Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Ni ban ƙi shi ba," in ji Baba, ya kife wayar a cinyarsa. "Amma ba zan ba da ke ga wanda ban san gaskiyar sana'arsa ba. Magana ta ƙare."

Washegari da rana Auta ta tashi daga shagon buga takardu inda take aikin kwamfuta, ta biya ofishin Dogo. Ofishin ma dai suna ne kawai: tebur ɗaya, kujera uku, fanka mai ƙara, sai allon makullai a bango. Ta tarar da Inna, mahaifiyarsa, ta kawo masa abinci. Inna ba ta da kowa sai shi, tun rasuwar mijinta a kansa duk tsoronta ya tare.

Auta ta gaishe ta har ƙasa, sannan ta juya ga Dogo. "Shafin nan naka sai an yi masa aiki. Injin bincike ba ya ganin mutum haka kawai. Hotunanka sun yi nauyi, kafin su buɗe kwastoma ya gaji ya tafi. Adireshinka a wuri ɗaya daban, a wani daban. Ba ka rubuta komai a kan gidajen sai 'gida mai kyau, kira yanzu'. Sannan rivyu uku kacal gare ka."

"Mene ne kuma rivyu, 'yata?" Inna ta tambaya.

"Shaidar da mutane ke rubutawa ne, Inna, su ba da taurari. Biyar shi ne ƙarshen yabo. In suka yi yawa yana taimaka wa mutum ya hau gaba."

Inna ta gyaɗa kai. Duk bayanin nan, wannan ɗaya ta riƙe ta tafi da shi gida.

Ranar Asabar ta tara 'yan'uwanta mata a falonta, su tara, kowacce da wayarta. Gwaggo, ƙanwar marigayi mijinta, mai sayar da yadi ta waya, ita ce malamar aji. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu inda za su danna.

"Ku faɗi alherinsa kawai," in ji Inna. "Ai ba ƙarya za mu yi ba."

Suka kuwa faɗa! Wata ta rubuta: "Yaro ne mai ladabi, bai taɓa ɗaga min murya ba." Wata ta ce: "Ranar da ƙafata ta kumbura shi ya kai ni asibiti." Inna ta daɗe tana goge hawaye kafin ta rubuta nata: "Tun yana jariri ba shi da rigima. Allah ya ba shi mata ta gari."

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai Gwaggo ta taɓe baki. "Ku dai ba ku san kasuwa ba. Wa zai kama haya don yaro bai yi rigima a zanin goyo ba?" Ta buɗe sababbin sunaye huɗu, ta rubuta a ƙarƙashin kowanne: "Na kama haya a hannunsa, gida mai kyau, ba matsala." Kalma ɗaya ba ta canza ba.

Ranar Litinin wani abokin aikin Baba ya nuna masa yabon a wurin aiki, ana ta dariya. Ranar Alhamis injin binciken ya gane cewa yabo goma sha huɗu sun fito daga ɗaki ɗaya cikin awa ɗaya. Ya share su duka, ya haɗa har da ukun gaskiya na da, ya kuma ɓoye ofishin Dogo daga taswira. Sahu na shidan ma ya zama abin nema.

Da yamma Baba ya kira Auta. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

"Mutum huɗu, baki ɗaya, rana ɗaya. Auta, wanda ya ƙirƙiri 'yan haya gobe gida zai ƙirƙira. Ki ce masa kada ya ƙara tako min ƙofa."

"Baba, wallahi ba halinsa ba ne..."

"Na gama."

Ta shige ɗaki ta faɗa kan gado tana kuka, Umma na bubbuga bayanta, ita ma idonta ya kawo ruwa.

Dogo kuwa tun daga "ba shi da rigima" ya gane hannun. Ya isa gida ya sami Inna a tsakar falo ta yi tagumi, ko mayafi ba ta cire ba.

"Na kashe maka aure ko?" ta ce. "Ni fa gani na yi kullum kana ramewa. Na ce bari in tura ka gaba ko da taku ɗaya ne."

Ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta biyu. "Inna, daina kuka, don Allah. Ni ban taɓa sanin ban yi rigima ina jariri ba sai a intanet."

Ta kai masa duka a kafaɗa tana dariya tana kuka.

Da Auta ta kira shi a waya, roƙonsa ta yi. "Filis, ka je ka faɗa wa Baba gaskiya!"

"In ce masa me? Uwata da gwaggona ne suka yi? A riƙa nuna su da baki a unguwa? Gara ya ɗauka ni ne."

"To ni fa? Ni ka yarda ka rasa ni?"

"Ban yarda ba," ya ce. "Amma ba da mutuncinta zan same ki ba."

Bai san Inna na tsaye a bayan labule ba. Da safe ta yafa mayafinta mai kyau, ta tasa Gwaggo a gaba, ba su zame ko'ina ba sai gidan su Auta. A falo ta zauna a bakin kujera, tana murza gefen mayafi, ta zayyane komai. Gwaggo, wadda bakinta ba ya mutuwa, ranar kanta na ƙasa.

"Mutum huɗun nan ni ce," ta ce. "Duka huɗun."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Na gode da kuka tako, ba ƙaramin abu ba ne. Na yarda ba shi ya rubuta ba. Amma ku yi min adalci. Uwarsa ta yabe shi, 'yata ta yabe shi, kuma cikinku babu wadda ta taɓa kama haya a hannunsa. Har yanzu ban san shi ba."

"To aikin shafin fa, Baba?" Auta ta leƙo daga ƙofa, idanu a kumbure.

"Aiki ban hana ba. Zance na hana."

Haka aka shiga watanni masu tsawo. Auta ta rubuta wa masu injin binciken takardar ban haƙuri, ta bayyana abin da ya faru, aka yi sati biyar kafin ofishin ya dawo kan taswira. Ta rage nauyin hotuna. Ta gyara adireshi ya zama iri ɗaya a ko'ina. Ta buɗe wa kowane gida shafinsa, ta sa Dogo ya riƙa rubuta duk tambayar da masu neman haya suke yi masa, don irin su mutane ke bugawa a waya: akwai ruwa kullum? Mota za ta shiga? Minti nawa zuwa makaranta a ƙafa? Ta ce ya auna kowane ɗaki da kowace ƙofa, ya kuma faɗi aibin gida kafin a tambaye shi.

A nan suka yi musu. "Haba Auta! Wa zai kama gidan da aka rubuta silin ɗinsa na yoyo?"

"Wanda ba zai dawo ya zage ka ba."

"Oke, madam, na ji."

"Ba madam ba, aiki muke. Baba ya hana zance."

Suka yi dariya, amma dariyar ma ciwo take musu.

Abin ya yi ta tafiya kamar ba ya tafiya. Sahu na biyar, na huɗu, sai ya maƙale a na uku wata biyu cur. Wasu masu gidaje suka karɓe makullansu, wai dillali ne ko mai tona asiri? Auta ta rame, Umma ta shiga damuwa, kullum tana leƙa kwanon abincinta. Inna kuwa an hana ta taɓa komai, sai dai kowace safiya ta kira Auta: "Mun motsa?" In aka ce a'a, ta ce, "To Allah ya motsa mu," ta kashe waya.

A wata na shida wani tsohon abokin Baba, direba, ya same shi a wurin aiki. Matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, tana kan keken marasa lafiya, ga su a bene hawa na biyu. Kullum sai an ɗauke ta an sauko da ita.

"Na gaji da dillalai," in ji Direba. "Kowa ya ce 'zo ka gani', in je in tarar da matakala. Jiya na rubuta a waya: gidan ƙasa, ba matakala, ƙofar da keke zai shiga, kusa da asibiti. Duba abin da ya fito a sama. Har faɗin ƙofa an rubuta! Zo ka raka ni, kai ka san ƙofa."

Baba ya karɓi wayar, ya ga sunan ofishin. Ya ɗauki tef ɗin awonsa ya jefa a aljihu.

Dogo na tsaye a ƙofar gidan da makullai, yana hango wanda ke fitowa daga mota makullan suka zube ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe su. Baba ya amsa a taƙaice, ya wuce ciki, waya a hannun hagu, tef a dama.

Ƙofar shiga: an rubuta santimita tamanin da shida. Ya ja tef. Tamanin da shida. Ƙofar ɗakin kwana, tamanin da biyu, haka ya samu. A kicin ya ɗaga kai, ga tabon ruwa a kusurwar hagu, daidai inda aka ce. A banɗaki ya karanta da ƙarfi: "Ƙofar nan sittin da takwas ce, keke ba zai shiga ba sai an faɗaɗa ta." Ya auna sau biyu.

"Wa ya yi awon nan?"

"Ni ne, Baba."

"Firam ɗin ƙofar ai saba'in da biyu ne. Ina sauran huɗun?"

Dogo ya nuna ƙofar. "Na buɗe ƙofar ne na auna inda mutum zai bi. Kaurin ƙyauren yana cin huɗu. Na ga in na rubuta saba'in da biyu, wani zai taho da mara lafiya ya maƙale."

Baba ya dube shi. Yaran da ya koya wa aiki shekara biyar ma ba duka suke tuna kaurin ƙyaure ba. Ya saki tef ɗin ya naɗe kansa da ƙara, ƙat!

"Direba, kama gidan nan. Ƙofar banɗakin ni zan faɗaɗa maka." Ya juya zai fita, sai ya tsaya, bai waiwayo ba. "Kai kuma, kana da kawu?"

"Ina da shi, Baba."

"Ka ce masa ina gida ranar Lahadi."

Da labarin ya isa, Auta a tsakar kicin ta zauna daɓas tana kuka, Umma na cewa, "Yau kuma na mene ne?" alhali ita ma fuskarta sharkaf. Inna kuwa da Dogo ya faɗa mata, sai da ta sa ya maimaita sau uku, sannan ta ce ya matsa ta zauna. An yi auren bayan wata uku. Shafin bai zama na ɗaya a komai ba har yau, manyan kamfanoni suna gabansa. Amma duk wanda ya rubuta ainihin abin da yake buƙata, shi yake fara gani, kuma masu gidajen da suka karɓe makullansu biyu sun dawo da su.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan: in iyaye suka ce a dakata, ba kullum ƙiyayya ba ce, wani lokaci so suke su gani da idonsu. Ku yi haƙuri, ku gyara aikinku, ku faɗi gaskiya ko da za ta rage muku kasuwa. Mu kuma iyaye mata, tsoro ne ke sa mu yi wa 'ya'yanmu gaggawa, mu ɓata abin da muke son gyarawa. Yaron da kika yi wa tarbiyya, ki yi masa addu'a, ki koma gefe ki zauna. Wuya gare shi, na sani. Amma ki zauna ɗin.