Cinikin Uwar Biyu a Ɗakin Sanyi

Na rasa safiyoyin aurena da Malam Tanimu, na tsira da 'yan biyuna. Ku matso. Ke, rage fitilar nan.

Bayan rasuwarsa na kama shara a wani kamfani mai ajiye wa manyan ma'aikatu bayanansu. Akwai ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, na'urori tsaye jere kamar kabad, suna gurnani. Injiniya Sha'aibu ya taɓa ce min, "Uwar biyu, wuri ya cika. Yanzu in abu biyu suka zo iri ɗaya, ɗaya muke bari, mu goge ɗayan." Ya kuma ce kada in shiga ni kaɗai. Ni da na sayar da hatsi a Dawanau, kabad ne zai ba ni tsoro?

Ran nan bayan magariba na shiga.

Wani na tsugune bayan na'urorin. Farar riga. Ina shara, tsintsiyata ta bugi ƙafarsa. Ƙwas. Kofato.

"Sannu da aiki, uwar biyu." Muryarsa biyu take fita, ɗaya na bin ɗaya.

Na janye tsintsiyata.

"A kan gidana suka yi ginin nan," ya ce. "Na zauna, na koyi aikinsu. Hassana da Usaina. Fuska ɗaya, murya ɗaya. Ɗaya ta ishe ki. Ba ni ɗayar, in cika miki rumbu."

Da na nemi tsari na fice, da shi ke nan. Amma bakin 'yar kasuwa ya riga hankalina.

"Albarka," na ce.

Ya yi murmushi. Wanda ya ce albarka ya shiga ciniki. Ƙofa ta rufe kanta.

"To kawo wani abin mai maimaituwa a madadin yarinyar," ya ce.

"Duk tuwon da na taɓa tuƙawa."

"Ƙaiƙayi. Ina son safiyoyinki da Tanimu. Kullum ya dawo masallaci ya ce, 'Ladidi, kokon ya yi?' Duk iri ɗaya ne."

"Ƙarya kake. Wata ran da tari, wata ran da dariya."

"Ko su, ko yarinya."

"Rabi."

"Duka."

"Bar min na shekarar farko."

Ya girgiza kai. Gurnanin na'urori ya ƙaru. Can cikin gurnanin na ji Usaina na kiran "Inna," muryarta na sirancewa kamar zare.

Yau in an ambaci Tanimu, abu guda nake gani: yana bakin ƙofa, hula a karkace, yana tambayar koko. Yaran na ce min yakan yi min waƙa da safe. Sai dai in gyaɗa kai.

Kada ku shiga ɗakin nan ku kaɗai. In baƙo ya taya abin da ba ku kasa ba, ku ja bakinku ku wuce.

Ni dai ba a taɓa karya min farashi a kasuwa ba. Ranar, a ɗakin sanyin nan, na dubi mai kofaton ido cikin ido na ce, "Bar min safiya ɗaya. Na sallama."