Ɗakin Aro a Houéyiho

"Wata huɗu, Rachidi! Wata huɗu kana kwana a bakin shagon mutane, ni kuma ina nan ina cika wa ƙawayena baki da kai!"

Labiba ta dangwarar da ludayin shinkafa da waken da take sayarwa a bakin titin Zongo, ta kama ƙugu. Rachidi kuwa sai sosa ƙeya yake.

"Haba hasken idona, rage murya mana..."

"Ba zan rage ba! Da ban biyo ta kasuwar Missèbo da sassafe na gan ka kana naɗe kwali ba, sai yaushe za ka faɗa mini?"

"Tun da aka rushe ɗakunan kwanonmu na bakin ruwa ban samu wuri ba. Kunya ce ta hana ni."

Wa zai kalli Rachidi ya ce ba shi da makwanci? Sana'arsa guga ce, shi ke goge wa 'yan gwanjon Missèbo kaya kafin su rataye. Kullum rigarsa da kari kamar ma'aikacin banki.

Fushin Labiba bai kai ko'ina ba, tausayi ya danne shi, sai kuma tsoro. Mahaifinta, Alhaji Maishanu dillalin shanu, ya riga ya ce ranar Asabar zai je ya ga inda za a ajiye masa 'ya. In babu ɗaki, babu aure, kuma Alhaji ba ya magana biyu.

"Abokinka Garba mai zem, ɗan acaɓan nan na unguwar Houéyiho, ba ya tafi Arewa ganin gida ba?" in ji ta. "Ka karɓi makullinsa wajen maƙwabta."

"Labiba, ƙarya fa ke nan..."

"Aro ne! Ko so kake ka rasa ni?"

Nan ta gama da shi, don Rachidi zai iya jure sauro da ruwan sama, amma ban da wannan.

Ranar Asabar Alhaji ya ce ita ma ta shirya. "Ke za ki zauna a ciki, zo ki gani da idonki."

Suka isa Houéyiho. Rachidi ya tarbe su cikin farin kaftani, ya durƙusa har ƙasa, sannan ya zaro tarin makullan da wani maƙwabcin Garba ya ara masa, bai ma san wanne ne na ɗakin ba. Ya sa na farko a kwaɗo, shiru. Na biyu ya ƙi shiga. Na uku ya shiga ya ƙi fita. Gumi ya fara wanke kaftanin.

Sai ga wata maƙwabciya ta leƙo da bokiti. "Bonjour! Garba kuke nema? Ai ya yi tafiya. Kai kuma wane ne da kake taɓa masa ƙofa?"

Labiba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ma an ce kayan aro ba ya rufe katara, amma ba ta zaci zai yaye tun daga bakin ƙofa ba!

Rachidi ya saki kwaɗon ya zube gaban Alhaji.

"Alhaji, ka yafe mini. Ba ɗakina ba ne. Ba ni da ɗaki ko'ina a Kwatano, a bakin wani shago nake kwana."

"Baba, ni na sa shi!" Labiba ta fashe da kuka. "Wallahi ya ƙi, ni na matsa masa!"

Alhaji ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Gemunsa ya fara rawa, can sai ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Ni za ku yi wa dabara? Shekara talatin ina cinikin shanu, ban taɓa sayen sa a ranar da mai shi ya wanke shi ya kawo kasuwa ba. Garke nake zuwa, tun kafin a san zan zo. Kwana uku ina sallar asuba a Missèbo, yaro. Na ga kwalinka. Na ga kana share ƙofar shagon da ba naka ba. Wane ne tsohon nan da kake raba shayinka da shi, har kana ɗaure masa ƙafa?"

"Baba Ɗantala ne. Dako yake yi a da, ƙarfi ya ƙare, ba shi da kowa."

"To da makullin nan ya buɗe, ka shigar da ni ka ce naka ne, da ka rasa Labiba har abada. Allah ne ya so ka da wannan kwaɗon."

Labiba ta share hawaye. "Baba, ke nan...?"

"Ke yi mini shiru, uwar 'yan dabara! Akwai ɗakin da nake ajiye dusa a bayan gida. Rufinsa na yoyo, ɓeraye sun mai da shi nasu. In ya iya korarsu ya gyara, ku zauna kafin Allah ya buɗa masa. Gobe ka turo magabatanka."

Rachidi ya sunkuyar da kai. "Alhaji, iyayena sun rasu. Ba ni da kowa a garin nan."

"Ba ka da kowa? Tsohon da kake ciyarwa fa, itace ne?"

Haka kuwa aka yi. Washegari da la'asar Labiba ta laɓe bayan labulen zaure, daɗi kamar ya kashe ta, tana leƙen baƙi. Baba Ɗantala, wanda mutane suka shekara suna tsallake ƙafarsa a bakin titi ba ko sannu, shi ne zaune a tsakiyar darduma, dattawan Zongo na miƙa masa hannu biyu.

Ya gyara murya. Sannan ya goge ido da hannun riga.

"Alhaji," ya ce, "na zo nema wa ɗana aure."