Jan Fenti a Jikin Injin Ban Ruwa

Laifin da ke cikin labarin nan shi ne mutum ya raina abin da aka damƙa masa a hannu, yana hangen wanda ba a ba shi ba. Laifin ya ci wani saurayi mai suna Barau a Kurugu, ya ci shi sosai. Amma ba daga kansa zancen ya fara ba.

Wata shekara gwamnati ta tara matasan Karaye da na Rogo a sakatariyar Karaye, aka koya musu sana'a. Ranar rabon kayan aiki, maza masu fadama aka ba su injin ban ruwa, mata kuma injin matse gyaɗa. Kowane inji an rubuta sunan mazaɓar mai shi da jan fenti, don kada a sayar. Kurugu biyu ta samu, na Ƙasimu da na Barau.

Jami'in da ya yi rabon ya ce ko akwai mai tambaya. Wata yarinya daga Rogo, Ummu Salma, ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, cewa aka yi gwamnati za ta ba mu aiki. To wannan ai ƙarfe ne. Aikin yana ina?"

Wuri ya kaure da dariya. Jami'in ya ce, "Yana cikinsa, 'yata. Ke za ki fito da shi."

Ƙasimu bai yi dariya ba, don tambayar tana ransa shi ma, kunya ce ta hana shi. A bakin ƙofa ya tarar da ita tana fama da injinta, ya kama mata suka ɗora a kurkura, keken ɗaukar kaya.

"Malama mai tambaya, idan kin samo aikin a ciki, a sanar da ni."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Ta yaya, alhali ban san sunanka ba?"

Nan aka karɓi lambar waya.

Daga ranar nan tambaya ba ta yanke ba. Ta rubuto masa: "Yaya Ƙasimu, wai da gaske ruwa yana hawa tudu idan inji ya ja shi? Ni ban yarda ba."

Ya amsa: "Yana hawa, Salmata. Ni ma ga shi kin jawo ni daga Kurugu har Rogo, kuma babu fetur."

Ta rubuto: "Sarkin ruwa, ka iya bakinka. Yau na fitar da mai tas, ƙuli-ƙulin har maƙwabta suna layi. Na ɗauki mata biyu suna taya ni suya. Ashe aikin da gaske yana ciki."

Ana haka sai Barau ya fara sintiri a ƙofar gidan su Ummu Salma, da sabuwar shadda da sabuwar waya. Ya gaida mahaifinta, Malam Lado, har ƙasa, ya ce wani babban mutum ya yi masa alkawarin kujera a ofis, takarda kawai yake jira.

Malam Lado masinja ya yi a ofis har ya yi ritaya, kuma a wajensa aiki shi ne mai albashi. Ya kira 'yarsa.

"Ummu, manomin tumatir yau da shi, gobe babu. Mai ofis kuwa ƙarshen wata yana zuwa masa ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Hankalina ya fi kwanciya da Barau."

"Baba, ofishin nasa a ina yake?"

"Ke komai sai kin yi tambaya?"

Mahaifiyarta, Inna Tasalla, ta sa baki daga madafi. "Malam, ai tambayar da kyau. Ni ma ina so in ji."

Malam ya yi gyaran murya, ya fita masallaci.

Ranar kasuwar Rogo, Ummu Salma ta kai mai, sai idonta ya faɗa kan wani injin ban ruwa a rumfar masu kayan ƙarfe. A jikinsa ga Kurugu da jan fenti, an ɗan kankare amma yana karantuwa. Da yamma Barau ya zo zance, ta tambaye shi ina injinsa yake.

Ya gyara hula. "Nawa yana ɗaki a lulluɓe, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Biyu aka ba Kurugu. Sai ki tambayi mutumin naki."

Ta rubuta wa Ƙasimu: "Na ga injin Kurugu a kasuwa. Duk hirar ruwan da kake mini, ashe baki ne?"

Amsa ta zo: "Ba zan rantse ba, Salmata. A turo wanda aka yarda da shi ya zo ya gani."

Ta ƙi amsawa. Ya kira, ta ƙi ɗauka. Inna Tasalla ta lura ƙuli-ƙuli yana ƙonewa a kasko, mai suyar tana kallon bango.

To, a ƙasar nan ba a ba da 'ya sai an yi bincike. Malam Lado ya tashi ƙaninsa, Kawu Ilu, ya je Kurugu ya gano halin samarin duka biyun. Kawu Ilu bai sanar da kowa ba, ya hau acaɓa ya tafi.

Tun daga nesa ya ji ƙarar inji a bakin ruwa. Ya tarar da Ƙasimu cikin taɓo har gwiwa, samari suna jan tiyo tsakanin kunyoyin tumatir da albasa. Kawu ya tsuguna ya goge jikin injin da gefen rigarsa. Kurugu, da jan fenti.

"Samari, waɗannan duk ƙannenka ne?"

"A'a, Kawu, aiki suke yi, ina sallamarsu."

"Ikon Allah. To me ya rage maka?"

"Hanya, Kawu. Inji an ba mu, mun gode. Amma rabin tumatir a kwando yake narkewa kafin mota ta fita daga ramuka. Da gwamnati za ta gyara hanyar nan, da sai na ƙara mutane."

Kawu ya jinjina kai, ya wuce gidan su Barau. Bai same shi ba, sai mahaifinsa, dattijo, zaune a zaure. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya ce yana so ya ga injin da ke lulluɓe a ɗaki.

Dattijon ya ce, "Malam, ba zan rufe ka ba. Injin nan bai taɓa shigowa gidan nan ba. A bakin sakatariya ya sayar, ya sayi waya da tufafi. Fadamata ma da ya ƙi shiga, Ƙasimu na ba wa aro."

Da Kawu Ilu ya kawo labari, Malam Lado ya ce, "Ni ina neman wanda gwamnati za ta ɗauka, ashe ga wanda yake ɗaukar wasu. A ce wa iyayen Ƙasimu su turo."

Ummu Salma ta rubuta: "Sarkin ruwa, ka yafe mini."

Ya amsa: "Na yafe. Saura tambaya ɗaya, wannan karon tawa ce. Za ki zo Kurugu da injinki?"

"Da shi, da kaskona, da duk tambayoyina."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure a Rogo. Malam Lado ya kama hannun ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa aikin hannunku ya ciyar da ku da wasu." Jama'a suka ce amin.

Barau kuwa ga abin da ya rasa. Inji ya tafi. Fadamar mahaifinsa tana hannun wani. Ummu Salma tana ɗakin Ƙasimu. Babban mutumin ya daina ɗaukar kiransa. Shaddar ta koɗe, wayar ma ta fashe a fuska, kuma har yau takardar ba ta zo ba.